Igiyar da Kinka Saki

Tamaske, kakar 1981

Zuwa ga Cima ɗiyar Baba Mato, ruwan hwarko na damina, inuwar gawo a tsakiyar rani, sanyin randa ga wanda ya hawo dutsin Adar da ƙahwa. Ina gaishe ki gaisuwar da ta hi bakina girma. Jima ƙawarta, na san ke za ki karanta mata wagga takarda. Ki karanta sannu, kar ki ƙara gishirinki, nawa ya isa.

Hasken idona, kin san sana'ata. Ranar kasuwa in rataya zanen bayan hoto, in zaunar da masu tahiya Abijan bisa benci, in ɗauke su hoton kartidantite, wato katin shaida, kowa ya ƙame kamar an kira shi gaban zandarma. Na san huskar mai ƙarya, na san ta mai tsoro, har na ɗauka ba abin da ya rage mini in gani. Sai a kasuwar Madawa na ga tsirya cikin keji, koriya shar, baki ja, ana miƙa mata gyaɗa tana juya baya. Tun ran nan tambaya ta hana ni sakat: wagga tsuntsuwa, yaya take cin abinci in ba mai ba ta? Anka ce mini in tahi hwadamar Garhanga in dawa ta nuna. Tsirya na zo nema, Cima, Allah shaida. Wa ya gaya mini ke ce bisa rumhwa, da igiyar gwangwanaye a hannu, kina korar abin da na biyo?

Kin tuna? Na zo da hwarar riga da aparai na ɗaukar hoto a wuya, tsuntsayen sunka watse tun ban ƙaraso ba. Kinka yi dariya har gwangwanayen sunka taya ki. Kinka ce ko jaki ya hi ni iya laɓewa, in ina so su sauko, in ari tsumman mutum-mutumin gonarku da malhwarsa in tsaya kusa da shi, don sun saba da shi, har kansa suke sauka. Ni Lurwanu, da ba a taɓa sai da mini akuya gurguwa ba, na sa tsumma na tsaya cikin rana don yarinya ta ce!

Sannan kinka saki igiya.

Wayyo, abin da na gani! Sunka zubo kamar an kakkaɓe ganyen bishiya. Ɗaya ta tsinke reshen zangarniya, ta riƙe da ƙahwa guda kamar mai cin ƙosai a tasha, tana ɓarewa tana tohwar da ƙaiƙayi. Wata ta rataye kai ƙasa, doguwar wutsiya sama, ba kunya. Mai zobe a wuya yana ci yana leƙen ta kusa da shi. Wa ya koya musu? Don me duk wadda na duba da ƙahwar hagu take riƙewa? Na danna, na sake dannawa, numhwashina a tsaye, har sai da muryar Baba ta hwaɗo mana daga bakin gona.

Sauran kin hi ni sani. Ya ga igiya kwance, ya ga zangarniya a cinye, ya ga mutum-mutumi biyu inda ya kahwa ɗaya. Ya ce kar ƙahwata ta sake taka mishi gona. Na ji hwaɗan da kinka sha, kuma na ji yanzu duk Garhanga mutum-mutumin Baba Mato suke kirana. Ban musa ba.

Jiya kamyo, motar kaya, ya kawo hotunan daga wurin wanki a Tawa. Baƙi da hwari ne, koren duk ya tahi, tsiryata ta koma kamar kurciya mai dogon wutsiya. Amma a gehen ɗaya ga ki nan, tauraruwata, igiya sake a hannunki, dawar babanki ana ci a gabanki, ke kuwa ba tsuntsayen kike kallo ba.

To me kike kallo, Cima? Tsumman ne ya ba ki dariya, ko wanda ke cikinsa ne? Tausayin baƙo ne ya kwance miki hannu, ko wani abu da ya hi tausayi nauyi? Na iya karanta huskar duk wanda ya zauna bisa bencina, taki ta gagare ni. Na duba ta a inuwa, na duba ta a rana, har na ari gilashin mushen lakkwal, malamin makarantar boko.

Ga inda maganar take. Da an gama yankan dawa abokaina za su hau kamyon Abijan, sun ce wurina yana nan. Kawuna Sha'ibu kuma ya ce zai je gaban Baba ya ba shi haƙuri ya nema mini ke, amma ba zai ɗauki rawaninsa ya kai inda za a yi mishi dariya ba, sai ya san zuciyarki. In tausayi ne kawai, ki yi shiru, in aiko miki hotonki in hau kamyo. In ɗayan ne, ki ba Jima zangarniya guda cikin waɗanda tsirya ta ci, ta kawo mini ranar kasuwa. Baba ba zai nemi wannan ba.

In zangarniyar ta iso ni, ki gaya wa Baba baɗi ba sai ya ɗaura igiya ba. Yana da mai tsaron gona, ya ma san kayan aiki.

Naki, rana ko ruwa,
Lurwanu mai hoto, wanda ke nan tsaye inda kinka kahwa shi.