Layi na Ashirin da Ɗaya

Litinin, 3 ga Maris
Bayanan kwastomomi na wata guda sun goge tun Juma'a. Asabar ni kaɗai na shigo ofis ina fama da na'urar ko zan ceto wani abu. Yau Oga ya ce a kawo rajistar na'ura, inda take rubuta duk wanda ya taɓa ta. Doguwa ce ta kai masa, wadda teburinta ke jingine da nawa shekara da shekaru. Layi ashirin cif, kowanne da sunana.

Talata, 4 ga Maris
An dakatar da ni sai kwamiti ya zauna. Oga bai ko kalli idona ba. "Hajiya, na'ura ba ta ƙarya."
Ba ta ƙarya, ranka ya daɗe. Iya abin da aka tambaye ta take faɗa.

Alhamis, 6 ga Maris
Ina wanke-wanke abin ya faɗo mini. Rajistar daga sabo take jerowa zuwa tsoho. In ka sa wa bincike iyakar ashirin, ashirin na ƙarshe kawai za ta ba ka. Aikina na Asabar ke nan! Kuma wa ya koya wa Doguwa sa iyaka? Ni. Lokacin da ta fara aiki, ta jawo layi dubu ɗari, komai ya tsaya cak, tana kuka. Na ce, "Ƙanwata, kullum ki sa iyaka." Ta riƙe karatu, wallahi.

Juma'a, 7 ga Maris
Doguwa ta kira sau uku. Sai saƙo: "Yaya, kin ci abinci?" Kunya ba ta kashe ki ba?

Lahadi, 9 ga Maris
Baban yara ya ce in yi haƙuri. Na ce ya koma ga jaridarsa.

Litinin, 10 ga Maris
An ba ni kwamfuta a ofis in shirya bayanin kare kaina. Na cire iyakar. Layi na ashirin da ɗaya: Doguwa, Juma'a, umarnin gogewa. Ranar ce aka kira ta daga makarantar ɗanta, ta fita da takalmi a hannu.
Na rubuta adireshin imel ɗin Oga. Na zauna. Na goge, na sa nata. Layin kawai na tura, da "Kwamiti Laraba ne. Ki faɗa da bakinki, ko in faɗa."
Ba tausayi ba ne. Kofin shayinta na nan kan teburina, ban wanke ba. Ban dai jefar ba.