Taguwar Rabe da Bindigar Ɗanjuma

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ni Raki, 'yar Rabe maharbi, matar marigayi Malam Uba, ina rubuta wannan da hannuna a ɗakina na unguwar Levenshulme, nan ƙasar Turawa. Hankalina ɗaya, ba wanda ya sa ni. Likita ya faɗa mini ciwon da ke ƙirjina, na kuma gane. 'Ya'yana Jamilatu da Ɗanjuma, ku yi haƙuri da rubutun. Sai da na yi furfura na koyi riƙe biro a ajin manya, aka kuma rufe ajin don babu kuɗi tun hannuna bai faɗa ba.

Na ɗaya. Abin da na bari, liman ya raba muku yadda shari'a ta ce. Gidan nan na haya ne, na ƙaramar hukuma, ku share shi tsaf ku mayar da makulli.

Na biyu. Babbar tukunyata da bargon nan mai kauri na ba maƙwabciyata Celestina. Tun da kuka tashi, ita kaɗai ke ƙwanƙwasa mini ƙofa. Wani makon, in ba ita ba, ba na jin an kira sunana.

Na uku. A ƙasan akwatina akwai taguwar farautar kakanku Rabe. Ba ta da kyan gani. Da ganyen marke da laka ya rina ta, har ta koma kalar busasshiyar ciyawa. Ina yarinya nake zama ina kallonsa yana shafa wa bakin bindigarsa baƙin tukunya, yana naɗe ta da tsumma don kada rana ta haska ƙarfen, gada ta hango ta gudu. Bai taɓa yi mata ado ba. Cewa yake, a daji duk abin da ya burge ido ya kori abincin gida.

Yana da wata al'ada kuma. In ya nufo gida, a bakin rafi yake tuɓe taguwar, ya sa farar hula, ya taho yana fito. Wani abokinsa bai yi haka ba, ɗan'uwansa maharbi ya ga motsi a ciyawa ya harba. Da idona na ga an shigo da gawar. Tun ranar Baba yake cewa a ɓuya wa dabba, amma a bar mutum ya gane ka tun daga nesa.

Na huɗu, kuma saboda shi na ɗauki biro. Ɗanjuma, na ga hotonka a waya, kana tsaye a bakin titi a can garin Birmingham inda kake zaune, da bindigar wasan nan mai harba 'ya'yan roba. Na san ta. Da ka saye ta rabinta kalar ruwan lemo ne, mai haske kamar rigar masu gyaran hanya. Yanzu ka shafe ta da fenti kore da ƙasa-ƙasa irin na soja. Da na kira ka, dariya ka yi ka ce, “Mama, gayu ne kawai, kowa haka yake yi.”

Ɗana, wace gada kake ɓuya wa a Birmingham? Ba ciyawa a titin nan, sai bulo da motoci. Ruwan lemon nan shi ne farar hularka. Shi ke gaya wa ɗan sanda daga nesa cewa wasa ne. Ka shafe shi, ga ka baƙar fata, ga hular sanyi a kanka. Wanda zai hango ka ba zai matso ya taɓa ya ji roba ce ba. Tun da na ga hoton nan, in motar 'yan sanda ta wuce ta titin Stockport Road da jiniya sai in ajiye cokali.

Na san tun da aka rufe wurin ƙwallon da kake zuwa, sai a wasan bindigar nan ka sami abokai. Ban ce ka rabu da su ba, na san zaman kaɗaici. Amma ka kankare fentin har ruwan lemon ya fito, ka riƙa sa ta a jaka, kada ka ƙara fito da ita a titi. Taguwar kakanka na ba ka ita tun ina raye. Za ta zauna a hannun yayarka Jamilatu amana, sai ranar da ta ga ruwan lemon da idonta za ta miƙa maka.

Na biyar. Gabar da ke tsakaninku ta ƙare. Ɗanjuma, ka daina kiran yayarka 'yar rahoto. Ni na roƙe ta ta nuna mini hoton, kuma da kuka ta nuna. Jamilatu, ke ma ki rage faɗa. Ba a yi wa namiji mai gemu tsawa a gaban abokansa. Daga Salford inda kike zuwa Birmingham ba Makka ba ne, ki hau mota ki kai masa tuwo.

Shekarun da na yi ina share ofisoshi a garin nan, mutane kan wuce ni kamar bango, ni ma na fi son haka don kada a tanka mini. Na iya ɓuya, jinin Rabe ne. Amma yanzu na iso bakin rafi, ina so a gan ni. Ku zo tare, a mota ɗaya, tun ina iya gane fuskokinku.

Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare ku daga harbin kuskure, Ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku. Na yafe muku, ku yafe mini. Ku biyu kaɗai gare ni a ƙasar nan, kada ku bari ku zama ɗaya-ɗaya.

Ɗanjuma, ban kulle ƙofa ba. In ka shigo layin, ka taho kana fito, zan gane ka.

Mahaifiyarku,
Raki