Dunƙule a bakin zanen maiɗakina

Assalamu alaikum mutanen wanga zaure. Admin a sakaya sunana, ko da yake duk wanda ya taɓa cin tuwo kusa da tashar Bodinga zai gane ni. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni tsoho ne, boko aji uku na tsaya, shi ma malamin ne ya gaji da ni. Na daɗe ina tuƙa motar wata ƙungiyar agaji, muna kai abincin yara masu tamowa ƙauyukan Shagari har Kajiji. Ina zaune cikin mota ina jin nas-nas ɗinmu na gaya wa mata cewa zogale da gyaɗa da waken gonarsu sun isa gina yaro, na ji har na haddace. Ran nan na aje makullin mota da kaina, na ce na gaji da rabon abincin leda, da abin ƙasarmu zan ciyar da mutane.

Na kafa rumfar abinci a unguwarmu, maiɗakina ke girki. Dokata ba takin zamani, ba feshi, ba dunƙulen miya na kanti. Albasa da tumatir daga fadamar Danchadi nake ɗaukowa, wurin wani mai sa takin shanu, miya kuwa daddawa zalla. Nakan tsaya ina bugun ƙirji cewa harshena na gane dunƙule ko ɓari anka jefa a tukunya. Har wata nas da munka yi aiki tare ta fara turo min masu hawan jini.

To, ranar kasuwa maiɗakina ta duƙa ɗaukar itace, ƙullin bakin zanenta ya kwance, dunƙule sunka watse gabana. Ashe tun ranar da munka buɗe take jefawa. Ni mai harshen nan, ni na fi kowa santi.

Da na yi magana sai ta ce wai Malam ai kai ke neman ƙari kullum, kuma daddawa kaɗai ba ta riƙe direbobin tasha. Na ce alƙawari na yi wa mutane, akwai marasa lafiya cikinsu. Ta aje ludayi, ta ce in shiga madafa in nuna mata. Na kuwa shiga. Miyar kukar da na kaɗa, wani malamin makaranta ya kai loma ɗaya, ya dube ni, ya tambaya ko lafiya gida.

Masu hawan jinin na faɗa musu gaskiya, sun yi dariya sun yafe. Amma benci ya fara zama wayam, ita kuma tana zaune tsakar gida tana tsinkar zogale tana min sannu da aiki.

Kada wanda ya ce in bari ta sa rabi, ɗiyana ma sun faɗa na kore su. Gara in rufe rumfar da in yi wa mai ciwo ƙarya. Mata masu girki na zauren nan, mi zan yi ta dawo bakin tukunya ba dunƙule? Don in ta ƙi, ni zan ci gaba da kaɗa miyar, kuma mutanen Bodinga ba su yi min laifin komi ba.