Sifirin Tipa a Motar Amurka

Ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Yaya aiki, yaya iyali da sanyin Jos? Muna lafiya.

Kamar kai, na ɗauka taurin sifirin mota shi ne ingancinsa. Sai na sa bakanike a Bompai ya ɗaura wa tsohuwar motarka ta Amurka sifirin tipa, da sandar hana tangaɗi mai kaurin taɓarya. Ta daina kwanciya a kwana kam. Amma da na ɗauki Inna zuwa suna a Panshekara, ramin farko ya juye mata ƙwaryar fura a cinya. Ta ce, "Kai, sauke ni! Jaki ya fi wannan tausayi!"

Mun sa matsakaici yanzu, amma ta rantse ba ta shiga sai ka zo ka gwada a gabanta.

A gaida Binta. A sa mu a addu'a.

Yayanka,
Bala