Babana ya sa ranar tashin duniya, ranar ta zo ta wuce

Inna mai filin shawara, don Allah ki taimake ni, kunya ta hana ni kai wannan magana gaban kowa.

Babana malamin lissafi ne, ya yi ritaya. Mutum ne mai mutunci, dattijo a cocinmu. Da ya bar aiki sai ya duƙufa a kan annabce-annabcen Littafi Mai Tsarki, musamman wuraren da ake ƙidayar makonni da shekaru game da ƙarshen zamani. Ya shigo da allo falo ya jingina da bango, garin alli ya baɗe kujeru, Mama ta daina karɓar baƙi a ciki. Daga ƙarshe ya ce lissafi ya fita, ya gano ranar da Almasihu zai dawo.

Ni ina aiki a shagon buga takardu, ni na buga masa takardun sanar da ranar. Kuma Inna, na gaskata shi. Mutumin da ban taɓa ganin ya kuskure lissafi ba, yaya zan yi musu da shi? Fasto ya ja masa kunne, bai ji ba, ya rarraba takardun a ƙofar coci. Likita ya ce a yi masa aikin yanar ido, ya ce ina amfanin taɓa idon da za a sabunta kwanan nan.

Ranar ta zo. Ya yi wanka, ya sa fararen kaya, ya fito da kujera ƙofar gida yana duban sama. Mai gyaran babur na layinmu ya buɗe shagonsa, yara suka tafi makaranta suka dawo. Da yamma Baba ya ɗauki kujerarsa ya shige ɗaki. Tun ranar bai sake taka coci ba. Mama ma ta daina zuwa zumuntar mata, don wata ta tambaye ta ko an ɗaga tafiyar zuwa sama ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wata abokiyar aikina ta tsinci ragowar takardar a shago, ta karanta da ƙarfi, kowa yana dariya. Ta tambayi wane tsoho ne kansa ya kwance haka. Na ce wani kwastoma ne ya kawo, na taya su dariya. Da na koma gida na tarar da shi yana lalubar kofinsa a kan tebur, na kasa haɗa ido da shi.

Yanzu kuma ya ce ya gano inda ya yi kuskure, wai daga shekarar da ya fara ƙidaya ne. Ya fitar da sabuwar rana, yana so in buga masa, don idonsa ba ya ganin rubutu. Aikin idon ma ya sake cewa a bari. Idan na ƙi, ni kaɗai na rage masa. Idan na yarda, mun sake zama abin dariya. Ya zan yi?

'Yar Malamin Lissafi

'Yata,

Share hawayenki. Mahaifinki bai yi sata ba, bai cuci kowa ba. Mutum ne mai ɗokin ganin Ubangijinsa, wannan kuwa ba abin kunya ba ne. Kuskurensa shi ne ya ɗauki annabci kamar tambayar jarrabawa mai amsa ɗaya. Masana sun daɗe suna saɓani a kan waɗannan lambobi: wasu na ganin shekaru ne na zahiri, wasu na ganin alamu ne, wasu kuma sun ce wani ɓangare ya riga ya cika. Amma Littafin da kansa ya faɗa ƙarara cewa ba a ba ɗan Adam sanin ranar ba. Ba wurin fara ƙidaya ne ya ɓace masa ba, ƙidayar ce ba a ɗora masa ba.

Don haka kada ki buga takardar. Kada kuma ki yi masa ƙaryar inji ya lalace. Ki zauna kusa da shi, ki ce kin ga yadda lissafin farko ya karya masa zuciya, ba za ki iya taya shi shiga na biyu ba. Zai yi fushi, ki jure. Amma kada ki janye jiki, ki riƙa karanta masa Littafin kullum, har da wuraren da ba lamba ko ɗaya.

Ki fahimci kuma cewa sabuwar ranar nan mafaka ce. Cewa "na kuskure lissafi" ya fi masa sauƙi a kan fitowa ya fuskanci mutane. Ke da Mama ku roƙi fasto ya kawo masa ziyara, ta gaisuwa ba ta faɗa ba, ya ce kujerarsa tana jiransa. In da yara a coci da lissafi ke ba su wuya, a turo masa su. Malamin da ya rasa aji ne yake neman abin warwarewa.

Maganar ido ba ta jira. Ki je asibiti ki karɓo ranar aikin cikin makon nan. Ki ce masa mai jiran babban baƙo ya kamata ya iya ganinsa idan ya iso.

Abokiyar aikinki kuwa, ki same ta ita kaɗai ki ce mata tsohon nan mahaifinki ne, kuma kina alfahari da shi duk da ya yi kuskure. Ba sai kin ƙara komai ba. Za ki ga ranar kin iya kallon Baba ido da ido.

Allah ya ba shi lafiya, ya kwantar masa da hankali, ke kuma ya yi miki albarka.

Innarku