Zaren da Baba Ya Bari a Masaƙa

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Yaya aiki, yaya zaman Fatakwal? Mu nan Tudun Wada lafiya lau, an fara yankan dawa.

Yaya, na yi laifi, gara ka ji daga bakina. Ka tuna masaƙar marigayi Baba da muka kai ɗakin tarihin makarantarmu, inda ɗalibai ke zama su taka ta da ƙafa, su ji nauyin ƙoshiyar saƙa a hannu. Wasu matasa sun zo daga Kano za su sa kayan ɗakin cikin manhajar kwamfutar hannu. Suka ce sai an kwance masaƙar a ɗauki hoton kowane sashe. Zaren ƙarshe da Baba ya ɗaura, wanda ka ce kada a taɓa, shi ya tsare aikin. Ni da hannuna na sa masa almakashi.

Manhajar ta yi kyau, da ka goga yatsa sai saƙa ta fito. Na kai wa Kawu Isa, tsohon masaƙin nan, a Kafin Maiyaki ya gani, da niyyar ya zo ya mayar mana da zaren. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "'Yata, ina wurin sa ƙafa?" Ya ce idonsa ba ya ganin zare yanzu, kuma bai san wanda ya rage da zai iya ba.

Ka yafe mini, ka sa ni a addu'a, ka gaida mutanen gida. Guntun saƙar da na yanke yana ninke cikin akwatina. In kana so ka ce in aiko maka, don ni na kasa buɗe shi.

Ƙanwarka,
Hajara