Fa'izu Ba Zai Zo Abijan Ba

Zuwa ga Kawu Alhasan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Allah ya sawwaƙe maka ciwon gwiwar nan, ya sa albarka a kasuwa. Mu nan Badaguishiri lafiya lau, alhamdu lillahi. Gero ya shiga rumbu, wake ya yi kyau bana, an fara dashen albasa a fadama. Inna tana nan da ƙarfinta, sai ciwon bayan da ba ta yarda a ambata.

Kawu, saƙonka ya iso, cewa a sa Yaya Fa'izu a mota ya zo Abijan ya kama maka shago, ya bar shiriritar fim. Ni zan ba ka amsa, don shi in an bar shi sai ya yi ta sosa ƙeya har mota ta tashi da shi. Ban ga laifinka ba, ni ma ya sha gajiyar da ni. Ya bar karatun lakwal a Tawa, ya yi kabu-kabu a Konni, ya koyi ɗinki a Malbaza, babu wanda ya riƙe. Mutum ya haura talatin, ƙannensa duk da ɗiyansu, shi yana nan ɗakin zaure. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma wannan karon na ga abin da ban taɓa gani ba.

Fim ɗin nasa ba waƙa ba rawa, da waya suke ɗauka shi da abokansa. Labarin wani Tanimun ne, wanda kullum yake sa riga mai guga ya ce ya tafi neman aiki, ƙarshenta a iske shi wurin mai shayi yana ba mutane shawarar yadda za su gyara rayuwarsu. Ai ba sai an gaya maka wa ake nufi ba. Na kalli abin da sunka ɗauka, na yi dariya har da riƙe ciki, daga baya kuma jikina ya yi sanyi.

Ran nan sunka zo ɗaukar wani sashe a tsakar gidanmu. Fa'izu ne Tanimun, maƙwabciyarmu Delu ce uwarsa. Delu ta fito da kwanon tuwo tana ƙwala masa kira da sunansa, tana yi masa faɗa ido cikin ido. Inna na gefe tana tsintar wake. Sai ta aje faifai ta tambayi Delu ko Tanimun ɗin nan ɗan fari ne. Anka ce eh. Ta ce to wace uwa ce za ta kama sunan ɗan farinta a baki, ba kunya? Ka san yayarka, tun da ta haifi Fa'izu ba ta taɓa faɗin sunansa ba, balle su zauna hira. Ta karɓi kwanon don ta gwada wa Delu yadda ake yi. Ta aje shi bakin zaure, ta juya baya, ta fuskanci akuyar da ke ɗaure, ta shiga yi mata faɗa, wai ana ta yawo rana na dukan kai, ba ci ba sha, an rame kamar kara, in wani bai damu da kansa ba ai akwai wadda ba ta barci saboda shi. Kowa ya fashe da dariya, ban da Fa'izu. Kawu, shekara da shekaru Inna na yi wa akuyoyin gidan nan irin wannan faɗa, ashe shi bai taɓa gane da wa take ba, yana ɗauka ta fid da shi daga ranta ne. Ya zauna ƙasa ya cinye tuwon nan kansa a sunkuye. Wallahi tausayinsu su biyu ya kama ni.

Tun ranar ya canza. Da safe yana lambun albasa, da la'asar suna ɗaukar fim, kuma saura kaɗan su gama. In ya tafi yanzu, wannan ma ya bi sahun ɗinki da kabu-kabu, kuma ina tsoron ba zai ƙara yarda da kansa ba. Ban ce fim zai ciyar da shi ba. So nake ko sau ɗaya a rayuwarsa ya kai abu ƙarshe, a kafa farin ƙyalle bakin kasuwa mutanen gari su gani. Ka yi mini faɗa in ka ga dama, na ɗauka, amma ni dai ba zan raka shi tasha ba.

Da na gaya wa Inna saƙonka, sai ta ce in rubuta maka wannan, kada in rage kada in ƙara: "Ki ce wa ƙanena ya nemi wani. Yaron nan yana da aiki a nan, kuma ina son in ga ƙarshensa da idona."

A gaida Hajiya Zuwaira da kyau, da Mutari, da Surayya da mai gidanta. Yaya Fa'izu ma ya ce in gaishe ka ƙwarai. Yana bayan darni lokacin da Inna ke wannan magana, kuma ta san yana nan.

Wassalam.

Ɗiyarka,
Nasiba